Amsoshin Tambayoyinku: Taya Marar Tif, Za Ta Yi Wa Babur Ɗin Karkara?

TAMBAYA

Takardar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai fataucin hatsi a yankin Gumel ta Jihar Jigawa. Ya ce faci ya hana shi sakat, da wuya ya ci kasuwa biyu a jere ba tare da ƙaya ko ƙusa ta tsayar da shi a daji ba. Ya ji ana maganar wata taya marar tif, wadda ake kira tubles, ya kuma ji an ce masu tseren babura a hamada ba su san faci ba. Shi ne yake so a bayyana masa yadda abin yake, kuma ko zai iya sayen irin wannan taya ya ɗaura wa babur ɗinsa mai ƙafar sifok. Akwai wasu masu sauraro daga wajen Maraɗi da suka aiko da makamanciyar wannan tambaya, saboda haka za mu haɗa mu amsa gaba ɗaya.

AMSA

To Malam, mun gode da wannan tambaya, domin ta shafi aljihu, ta kuma shafi rai. Gajeriyar amsa ita ce, tubles ba taya ba ce ita kaɗai. Aure ne tsakanin taya da rim, watau ƙarfen nan mai da'ira da taya ke zama a kansa. Idan ɗaya ya dace ɗaya bai dace ba, to auren ba zai zauna ba. Amma bari mu bi abin daki-daki.

Tayar da ka saba da ita, ai ka san ba ita ke riƙe iska ba. Tif ne a ciki, wanda wasu kan ce tub, shi ke riƙe iska, ita kuwa taya riga ce kawai da ke kare shi. Wannan dabara ta sa iska a cikin taya ta bazu a duniya ne tun daga 1888, lokacin da wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya yi wa keken ɗansa irinta a birnin Belfas na tsibirin Ailan. Sunansa ne kake gani har yau a jikin wasu tayoyi.

Aibin tif shi ne, kamar balan-balan yake. Da zarar ƙusa ta huda shi, ramin yakan buɗe, iska ta fita tsakanin tif da taya, ta sulale ta ramin bawul da ramukan sifok. Kafin ka ankara taya ta kwanta. In a tsaye kake, asarar lokaci ce kawai. In kuwa kana cikin gudu ne da buhu biyu a baya, musamman in ƙafar gaba ce, to kan babur na iya ƙwace maka.

Ita kuwa tubles, kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ne ya ba da sanarwarta a 1947, kuma zuwa 1955 sababbin motocin da ake ƙerawa a Amurka da ita suke fitowa. An shafe cikinta da wata irin roba da iska ba ta ratsawa da sauƙi. Leɓɓanta biyu suna manne wa rim gam, bawul kuma a jikin rim ɗin yake, ba a jikin tif ba. Ke nan taya da rim su ne suka haɗu suka zama tulun iska. Idan ƙusa ta shiga, kaurin roba yakan matse ta, sai iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Sau da yawa mutum yakan isa gida da ƙusar a jiki, sai da safe ya ga taya ta yi laushi. Wajen gyara ma ba sai an kwance ƙafa ba. A zare ƙusa, a cusa wata igiyar roba mai danƙo a ramin, a yi iska, shi ke nan.

To in haka ne, me ya sa ba a yi wa kowane babur tubles ba? Amsar tana ga sifok, watau siraran ƙarafan nan da suka haɗa rim da tsakiyar ƙafa. Kowane sifok da raminsa a jikin rim, kuma a ƙafa ɗaya za ka ƙirga ramuka 32 ko 36, wani lokaci har 40. Ka ga rim irin wannan rariya ce, ba ta riƙe iska. Rim ɗin da ke riƙe iska shi ne na zubi, wanda aka narka ƙarfe aka zuba shi gaba ɗaya babu rami sai na bawul.

Sai dai kuma masu ƙera baburan daji ba su yarda su rabu da sifok ba, kuma suna da hujja. Ƙafar sifok tana da juriya. In ta daki dutse ko ta faɗa rami takan ɗan ba da kai ta dawo, in ma ta lanƙwashe bakanike na iya miƙe ta ya canza sifok biyu ko uku. Rim na zubi kuwa ba ya son duka. Yakan lotsa ko ya tsage, in ya tsage kuma sai sabo. Wannan ita ce tsaka mai wuyar da masu tseren daji suka shiga: suna son ƙarfin sifok, ba su son wahalar tif.

Akwai kuma wata matsala ta biyu. Mai tsere a yashi ko taɓo yakan rage wa taya iska da gangan. Dalili kuwa, taya mai ƙarancin iska takan baje a ƙasa kamar tafin raƙumi, sai ta kama ƙasa sosai, ba ta nutsewa. Galibinsu sukan yi iska geji 12 zuwa 15, watau wajen rabin abin da kake yi wa naka. Amma in da tif a ciki, rage iska na jawo abu biyu. Na farko, in ka daki dutse ko bakin rami, taya takan danne har rim ya cije tif, sai ka ga huji biyu gefe da gefe kamar saran maciji. Na biyu, taya takan zame a kan rim ta ja tif, har bawul ya tsinke daga gindinsa. Duk wanda ya daɗe yana hawan babur a hanyar burji ya taɓa ganin ɗaya daga cikin biyun nan. Don maganin na biyun ne baburan tsere ke da wani ɗan maƙale mai noti da ke danne leɓen taya a jikin rim.

Yanzu ga hanyoyi huɗu da aka bi don a raba ƙafar sifok da tif.

Hanya ta farko ita ce soso. Mutanen Nijar za su tuna da tseren Faris zuwa Dakar, wanda wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya fara a ƙarshen 1978, aka yi shekaru ana ratsa Agadas da hamadar Tenere. Tseren ya bar Afirka bayan da aka soke na 2008, ya koma Amurka ta Kudu daga 2009 zuwa 2019, sa'an nan ya koma Sa'udiyya tun 2020. A farkon shekarun 1980 ne kamfanin Michelin na Faransa ya fito wa masu irin wannan tsere da wani abu mai suna Bib Mousse. Zobe ne na roba mai kama da soso, ana shafe shi da wani mai na musamman a cusa shi cikin taya a madadin tif. Babu bawul, babu famfo, babu abin da ƙaya za ta huda. Taurinsa daidai yake da iska wajen geji 13. Wannan shi ne asalin maganar da ka ji cewa masu tsere ba su san faci ba. Amma fa yana da nasa aibin. Zafi ne maƙiyinsa, in aka daɗe ana gudu da shi a kan kwalta ko aka labta masa kaya, sai ya yi zafi ya ruɓurɓushe. Ba a ƙara masa tauri, ba a ragewa. Kuma ko ba a more shi sosai ba, bayan kamar wata shida da ɗaura shi yakan saki.

Hanya ta biyu ita ce ta wani kamfani a Amurka mai suna Nuetech, wanda ya yi abin da ya kira Tubliss. Ka kwatanta wani siririn tif kamar na keke, an lulluɓe shi da wata jar riga mai tauri, an kwantar da su a cikin kwarin rim. Ana yi wa wannan ƙaramin tif iska mai ƙarfin gaske, geji 100 zuwa 110. Da ya kumbura sai ya tura jar rigar, ita kuma ta danne leɓɓan taya biyu a jikin rim ta ciki, zagaye ɗaya. Ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: iskar taya ba ta da hanyar kaiwa ga ramukan sifok, taya kuma ba ta da halin zamewa. Ƙafar takan zama da bawul biyu, ɗaya na ƙaramin tif, ɗaya na taya. Da wannan, mai babur na iya rage iskar taya har ƙasa da geji 10 ba tare da tsoron saran maciji ba, in ƙusa ta shiga kuma sai ya cusa igiyar roba. Sharaɗinsa shi ne a duba ƙaramin tif kafin kowace fita, domin in ya yi sanyi, komai ya kwance. Girman da aka fi yi shi ne na rim mai inci 18 da 19 da 21, kuma masu yinsa da kansu sun ce na daji ne, ba na titi ba.

Hanya ta uku ita ce a canza wa sifok mazauni. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da babur samfurin R 100 GS a 1987 da wata ƙafa wadda sifok ɗinta ke maƙale a gefen rim ta waje, ba ya huda inda iska take. Yau manyan baburan tafiye-tafiye da yawa suna da irin wannan ƙafa. Ita ce mafi inganci a cikin huɗun, sai dai da ita ake sayen babur, ko kuwa a sayi ƙafar sukutum da tsada.

Hanya ta huɗu ita ce a toshe ramukan sifok da gam ko wani faifan roba mai manne, a sa bawul na tubles. Ita ce mafi araha, kuma ita ce za ka fi jin wani ya ce zai yi maka. A nan ne muke so ka buɗe kunne da kyau. Rim ɗin da aka yi don tubles yana da wani ɗan tudu a ciki, ta kowane gefe, wanda ke hana leɓen taya faɗawa tsakiya in iska ta ragu. Rim ɗin sifok na ƙananan babura galibi ba shi da wannan tudu. Ko da gam ya riƙe iska yau da gobe, ranar da iska ta yi ƙasa ka sha kwana ko ka daki rami, leɓen taya na iya ɓallewa, iska ta fice gaba ɗaya a lokaci guda. Ka ga an gudu ba a tsira ba. Ga shi kuma duk ranar da bakanike ya ɗaure sifok, yana iya yage gam ɗin ta ciki. Ba mu ba ka shawarar wannan hanya ba, balle a ƙafar gaba.

To Malam, ina ka tsaya a cikin wannan duka? Ka lura da bambanci ɗaya. Mai tsere shi kaɗai ne a kan babur, ba buhu, ba fasinja, kuma yana da masu canza masa taya. Kai kuwa babur ɗinka jakin gida ne, yau gero, gobe taki, jibi mai haƙuri zuwa asibiti. Shi ƙarancin iska yake nema, kai kuwa ƙarancin iska ne ke kashe maka tif. Soso da Tubliss kowanne yakan kai wajen dala 100 ta Amurka ko fiye a ƙafa ɗaya, ba su kuma cika samuwa a kasuwanninmu ba, kuma ba don ɗaukar kaya aka yi su ba. Saboda haka kada ka yi wa rogo kallon kitse. Zaɓin da ke gabanka na gaskiya biyu ne.

Zaɓi na farko, ka koma tubles sosai, watau rim na zubi da tayar da ta dace da shi. Wannan zai yi maka in yawancin tafiyarka a kan kwalta ne ko burji mai kyau ko yashi, kuma abin da ke damunka ƙaya ce da ƙusa. In za ka yi haka, ka duba abu uku. Ka duba gefen taya, za ka ga an rubuta TUBELESS ko TL. In ka ga TUBE TYPE ko TT, to mai tif ce, kada wani ya ruɗe ka. Ka duba rim, domin ba kowane rim na zubi ne na tubles ba, akwai waɗanda aka yi su don tif. Ka sa a nuna maka ɗan tudun nan da muka faɗa, ka shafa da yatsanka ka ji. Sa'an nan ka tabbata ƙafar ta dace da samfurin babur ɗinka ta wajen birki da gatari da sarƙa, kada a yi maka ƙarfa-ƙarfa. In kuwa sabon babur kake shirin saye, ya fi sauƙi ka nemi wanda ya fito da tubles tun daga kamfani.

Ka kuma san abin da za ka tarar. Tubles tana bukatar injin iska kafin leɓenta ya hau rim, famfon hannu ba ya cika iyawa. Akwai masu zuba fetur a cikin taya su ƙyasta ashana don ta hau. Kada ka yarda a yi haka a gabanka, yana ƙona mutum, yana kuma lalata taya. In rim ya ɗan lotsa ko yashi ya shiga tsakaninsa da leɓen taya, iska za ta riƙa tsiyaya, sai a shafa ruwan sabulu a ga inda ke kumfa. Igiyar roba ta fuskar taya ce kawai, watau inda ke taka ƙasa, kuma ga ramin da bai wuce kaurin ƙusa ba, kamar milimita 6. In gefen taya ne ya tsage, ba ta da magani sai canji. Igiyar ma ta kai ka gari ce, in ka isa ka sa a kwance a yi faci ta ciki. Kuma in tafiya mai nisa ce, ka riƙe tif ɗaya a jaka, domin in rim ya lotsa a daji ana iya cire bawul a sa tif a cikin tubles ka ƙarasa, muddin an laluba an cire abin da ya huda ta.

Zaɓi na biyu, ka zauna da sifok da tif ɗinka, ka gyara yadda kake kula da su. In hanyarku ta duwatsu ce da kwazazzabai da ramuka, kuma kana ɗaukar kaya masu nauyi, wannan shi ya fi maka, domin ko'ina ka tsaya akwai mai faci, rim kuma in ya lanƙwashe yana miƙuwa.

Abu na farko a nan shi ne iska. Ka sayi ɗan gejin aljihu, ka daina auna taya da yatsa ko da duka da ƙafa. Ƙananan baburan da muke hawa galibi suna son wajen geji 25 a gaba, 28 a baya, in da fasinja ko kaya kuma a kai ta baya wajen 32, amma ka duba takardar babur ɗinka ko rubutun da ke manne kusa da sarƙa. Mutanen Nijar da ke auna iska da kilo, kilo 1 ya yi kusan geji 14 da rabi. Ka auna da safe kafin ka hau, domin taya in ta yi zafi gejinta yakan hau, kada ka ga haka ka sace mata iska. In yashi ya tilasta maka ragewa, ka rage kaɗan, ka tafi a hankali, ka mayar da zarar ka fita.

Na biyu, in an ciro tif, ka karɓa ka duba ramin da idonka, shi zai gaya maka mai laifi. Huji ɗaya ta bayan tif, ƙaya ce ko ƙusa, sai a shafa cikin taya da hannu a hankali a nemo ta, don ƙayar aduwa ko ta bagaruwa takan karye a cikin roba ta riƙa huda kowane sabon tif. Huji biyu a jere, ƙarancin iska ne ko yawan kaya. Huji ta cikin tif, wajen da ke kallon rim, kan sifok ne ko tsatsa, sai a goge a canza robar da ke lulluɓe kawunan sifok. In bawul ne ya tsinke, taya ce ke zamewa. Ka riƙa duban bawul, in ka ga ya karkace, alama ce ta fara ja. Kada kuma ka ɗaure notinsa tamau a jikin rim, ka bar shi ya sami wurin karkacewa ya yi maka gargaɗi.

Na uku, ka nemi tif mai kauri, daidai da lambar tayarka. In taya 3.00-17 ce, tif ma ya zama nata, domin babba yakan naɗe ya tsage, ƙarami kuma ya miƙe ya yi siriri. Tif ɗin da faci ya yi masa yawa, musamman faci a kan faci, ka sallame shi. Akwai kuma wani ruwa mai kauri da ake ɗurawa ta bawul, yakan toshe ƙananan hujin ƙaya, amma ba ya maganin saran maciji ko tsaga, kuma yakan sa faci ya ƙi kamawa sai an wanke wurin sosai.

Na huɗu, taya in ta suɗe, ƙaya kaɗan ta ishe ta. Kuɗin faci goma da kasuwar da ta wuce ka sun fi kuɗin sabuwar taya. In za ka saya, ka nemi wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye a gefenta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Alal misali 2423 na nufin mako na 24 a 2023. Tayar da ta yi shekaru a rumfa tana shan rana, ko ba a taɓa hawanta ba ta tsufa. Bayan girbi kuma ka guji ratsa gona, tushiyar kara takan tsaga taya kamar wuƙa, tubles ce ko mai tif.

A taƙaice dai Malam, kada ka sayi tubles ka ɗaura a kan rim ɗinka na sifok babu tif, kada kuma ka yarda a toshe maka ramuka da gam. In za ka canza, ka canza taya da rim tare. In ba hali, geji da tif mai kauri da rage lodi za su raba ka da yawancin facin da ke damunka.